Jinyar Ta-Goggo a Gidan Hurera

Kaka ce, ta shekarar da kogin Kwara ya yi cikar da tsofaffi suka ce rabonsu da irinta tun suna yara. Ruwa ya kwanta a fadama ya daɗe, da ya janye ya bar mana shinkafa har ana rasa wurin shanya. 'Yan shekaru ke nan da samun mulkin kai, magana ɗaya ce a bakin kowa: yanzu ƙasa tamu ce, wanda ya yi aiki shi zai ci. Kowa gudu yake yi, ko gaisuwar hanya sai a tsaitsaye. Ni ma na yi murna da wannan shekara, ban san da abin da ta zo ba.

Malamar da ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci ita ta ce in rubuta, ko da kaɗan-kaɗan, a riƙa karanta wa mata. Hannuna ba ya sauri, a yi haƙuri da ni.

Wadda na yi jinya 'yar farina ce. Kun san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Ana yaye ta, yayar mahaifinta, Goggo Dije, ta ɗauke ta, ta riƙe ta har ta aurar. Shi ya sa nake ce mata Ta-Goggo, kuma haka zan ce mata a nan.

Mijinta ya tafi cin rani Kumasi, rani ya wuce, damina ta wuce, ba shi ba saƙo. Sai ta dawo tungarmu ta bakin ruwa da 'yar ɗiyarta Ladi, ta kama sana'ar gumi. Wanda bai yi gumi ba bai san nauyinsa ba: a jiƙa shinkafa, a turara, a shanya, a surfa, a sheƙa, sannan a ɗauka a ka zuwa kasuwar Lolo. A waccan kaka Ta-Goggo ita kaɗai tana aikin mata uku. Maƙwabta na leƙowa suna cewa, "Kai, Allah ya yi wa wagga ɗiya ƙarfi." Ina jin daɗi a raina, ina sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba.

Ashe ƙwaya ce. Wata mai koli da ke ƙetarowa daga Dahome ran kasuwa, mai sayar da allura da sabulu da turare, ita ke kawo ta a gwangwanin alewa. Ƙarama ce, fara, ba ta kai ƙwayar wake ba. A-ji-garau suke ce mata. Masu yankan shinkafa suka fara sha, sai masu tuƙin jirgi, daga nan ta shigo cikin gida wurin mata. Ba a ɓoye ta ba a lokacin. Ana miƙa ta kamar yadda ake miƙa goro.

Abin da na fara gani shi ne tuwo. Sai in zuba mata, in dawo in tarar da shi da malmalarsa, Ladi ta ɗan yagi gefe. Sai barci ya bar ta. Sai magana ta yi mata yawa, ita da ba ta da surutu, tana yi tana haɗa wannan da wancan. Muƙamuƙinta kullum yana motsi kamar mai tauna abin da ba ya taunuwa. Zanen da ke zagaye ta sau ɗaya ya koma yana neman zagayawa biyu. Na gani. Amma uwa ba ta tsare 'yar fari da tambaya, sai na aika ƙanwarta Kulu. Kulu ta dawo ta ce, "Inna, ta ce lafiya lau, aiki ne." Na karɓi wannan amsa.

Can sai 'yan kwastan suka tsare bakin ruwa, mai koli ta yi kasuwa biyu ba ta ƙetaro ba. Ta-Goggo ta faɗi. Ta kwanta a ɗaki kamar an jiƙa tsumma, in ta farka kuka, in an tambaye ta ina ke ciwo ta ce ko'ina. Shinkafar da ta jiƙa ta yi tsami a tukunya. Ran kasuwa ta uku mai koli ta dawo, Kulu ta sayo mata, kafin la'asar ta miƙe tana share tsakar gida tana waƙa.

A nan muka yi kuskuren da nake so kowace mace ta ji. Mahaifinta ya ce, "To ai kun gani. Ciwo gare ta, wagga ƙwaya kuwa maganin Bature ce, ita ke danne shi. Kar a sake bari ta yanke." Duka gidan muka yarda, don a wurinmu duk abin da yake fari, ƙulalle, ya fito daga kwalba ko gwangwani, magani ne. Ni da kaina na sayar da akuyata na sayo mata mai yawa, na ƙulle a gefen zane na ba Kulu ta kai mata.

Da sanyi ya shigo, abin ya sauya kama. Ta fara cewa kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fatarta, ta sosa hannuwanta har suka yi gyambo. Ta daina shan ruwan randarmu, wai an zuba wani abu. Goggo Dije ta zo ta dube ta, ta ce iskar ruwa ce, tun da yarinyar na zuwa bakin kogi da tsakar rana. Aka kira masu girka, 'yan bori, daga wajen Dole Kaina, aka yi kiɗa, aka yanka baƙar kaza. Wani kawunta ya kawo rubutu, wata maƙwabciya ta ce a yi hayaƙi da barkono. Duk mun yi. Kwallayen aurena suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk wannan muna ba ta ƙwayar safe da rana, don kada ciwon ya tashi.

Wata rana da hantsi masu wanki suka kawo mana Ladi, sun tsince ta ita kaɗai a cikin jirgin da ba a ɗaure ba, yana lilo a bakin gaɓa. Uwarta ta sa ta ciki ta manta. Ran nan mahaifin Ta-Goggo ya ɗaure ta da igiya a turken ɗaki, ya fita bai ci abinci ba. Ina jin tana kiran "Inna, Inna," ina tsaye bayan zana.

Malamin ɗakin shan magani na kusa da mu ya duba ta, ya wanke gyambon, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti. Muka ƙetare a jirgi, muka jira lori a bakin hanya wuni guda, ni da ita da Goggo. A asibiti layi ne kan layi: na yankar kati, na ganin likita, na karɓar magani. In layi ya kusa zuwa kanmu sai a ce an tashi, a dawo gobe. Gindin wani darbejiya muka yi masauki tare da mutanen da ba mu sani ba, muna dama fura da ruwan famfo. Ban ga laifin ma'aikatan ba sosai, mutane sun yi musu yawa, amma akwai wadda ta daka mini tsawa don na riƙe kati a juye, har yau ina jin muryarta.

Likitan saurayi ne, ɗan kudu, Hausarsa a karye. Ya sa abin ji a ƙirjinta ya daɗe. Ya tambaya me take sha, na kwance gefen zane na nuna masa, ina ganin zai yaba mana. Ya dube ni ya ce, "Mama, wannan ba ya kashe ciwo. Wannan shi ne ciwo." Ya ce zuciyarta ta gaji, kamar gangar da aka yi ta duka ba hutu. Na ce to a kwantar da ita. Ya ce ba su da gadon irin wannan, sai in muna so a kai ta inda ake tsare masu taɓin hankali. Ya ba mu maganin barci na 'yan kwanaki ya ce a hana ta ƙwaya. Bai faɗa mana yadda ake hanawa ba.

A layin karɓar magani wata mace siririya mai tsagen Dendawa ta yi ta kallon bakin Ta-Goggo. Can ta matso ta ce, "Inna, wagga tamu ce."

Goggo ta ce, "Taku ina? Mun san ki?"

Matar ta yi dariya, ta buɗe baki ta nuna mana haƙoranta, duk sun cinye kamar na tsohuwar akuya. Ta ce, "Ni ma na tauna iska shekara uku. Sunana Gambi. Ku kai ta Lolo, bayan masu bandar kifi, ku ce gidan Hurera. Duk mu da ke ciki mun sha mun bari."

Da muka koma gida na ta da maganar. Goggo ta ce, "Gidan Hurera? Wanda matan da mazansu sunka kora ka taruwa? Ni da na riƙe ta, ba ni kai ta inda za a ce ɗiyar Dije ta zama 'yar tasha. Ƙafata ba ta taka gidan nan." Maganin barci ya ƙare, Ta-Goggo ta koma kuka da buga kai da bango, igiya ta ci mata ƙafa. Na jira mahaifinta ya gama alwala na durƙusa na ce, "Malam, a ba ni ita in kai ta." Ban taɓa roƙon wani abu a kanta ba. Ya dubi buta, sannan ya ce, "Ki tahi. Amma ban aike ki ba."

Gidan ɗakuna huɗu ne na laka da rumfa, da babbar tsamiya a tsakar gida, ƙaurin kifi ya kama komai. Mata ne zalla, suna zaune suna saƙar tabarmar kaba, ita suke sayarwa su ci. Hurera ta fito daga madafa, mace ce ƙatuwa mai murya, hannunta na dama tun daga wuyan hannu har gwiwa fata ce a tattare, wuta ta cinye. Abin da ta fara yi, ta sunkuya ta kwance igiyar ƙafar Ta-Goggo ta jefa bayan katanga.

Ta ce, "Nan ba a ɗaure kowa. Ƙofa ga ta nan a buɗe. Amma ba a ƙarya, ba a zuwa kasuwa ke ɗai, kuma kowace baƙuwa da nata mutum. Ke ce mutuniyarta?"

Na ce, "Ni na haife ta."

Ta ga ina kallon hannunta, sai ta ɗaga shi. "Banda ce. Kwana huɗu ina gasa kifi ban runtsa ba, ran da ƙwaya ta sake ni na kife bisa wuta, ban ko ji ba. Ɗiyana biyu uban ya kwashe, har yau ban san tsawonsu ba. Don haka ba abin da ɗiyarki za ta yi wanda zai ba ni mamaki." Sannan ta ce, "Aikinki ɗaya ne. Abin nan in ya taso sai ki ga idonta ya tahi, tana nan ba ta nan. Ki kama fuskarta da hannu biyu, ki kira sunanta, ki yi ta kira har ta amsa."

Na ce a hankali, "'Yar fari ce."

Hurera ta tafa hannu. "Ikon Allah! Gambi, zo ki ji. Inna, in ta faɗa Kwara kina bakin gaɓa, mi za ki ce? 'Ke wannan, fito'?"

Matan suka yi dariya, ni ma na yi murmushi don kunya. Amma ban iya ba. In abin ya taso nakan riƙe hannunta ina cewa "ke, ke," sai Hurera ko Gambi ta ajiye saƙa ta zo ta kama fuskarta ta kira sunan. Wata rana da ta dawo hayyacinta ta dube su ta ce, "Ku ƙyale Inna. Ba ta san sunana ba, Goggo ta cinye shi ran suna tare da naman rago." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Makon farko barci ne da kuka. Sai a tashe ta a ɗura mata kunu ta koma. Na biyu zagi. Ta zagi Hurera, ta zagi Gambi, ta ce munafukai ne, suna da ƙwayar a ɓoye suna sha. Hurera ta ce, "Awo, zagi dai. Ni uwata na zaga, ke ko taki ba ki taɓa ba, kin fi ni tarbiyya." Sau ɗaya ta fita da gudu ta nufi bakin kasuwa. Ba wanda ya kama ta. Gambi ta bi ta a baya tana tafiya tana ba ta labarin yadda ta taɓa sayar da tukunyar maƙwabciya da miyar a ciki, har suka kai bakin ruwa, suka zauna, suka dawo tare.

Kowace safiya bayan kunu sai su zauna gindin tsamiya, kowace ta faɗi yadda ta kwana da abin. Ba wa'azi, ba faɗa. Wata ta ce ta yi mafarkin gwangwanin, wata ta ce jiya ba ta tuna ba sai la'asar, a yi mata guɗa. Hurera ce ke farawa, kuma ban taɓa jin ta ce ta warke ba. Ran kasuwar Lolo, da jiragen Dahome sun fara tsayawa, sai ta kwance kuɗinta ta ba Gambi, ta zauna ta juya wa ƙofa baya tana saƙa har kasuwa ta watse. Na ce, "Har yanzu, Hurera?" Ta ce, "Har yanzu. Shi ya sa nike iya gane shi a idon wata."

Ba zan ce komai na gidan daɗi ne ba. Sauro kamar a ɗebo da ƙwarya. Wani lokaci tabarmi ba su sayu ba, sai kunu safe da yamma. Hurera bakinta ba linzami, takan faɗa wa mutum abin da zai kwana yana juyi. Matan tungarmu in sun gan ni a ƙofar gidan ran kasuwa sai su gyara lulluɓi su wuce. Amma a nan na ga ɗiyata ta cinye tuwo ta suɗe kwano ta ce a ƙara. A nan gyambonta ya bushe. A nan Kulu ta kawo Ladi, yarinyar ta noƙe, sannan ta hau cinyar uwarta ta yi barci.

Wajen wata na biyu aka kawo wata yarinya daga ƙetare, ɗan'uwanta ya ajiye ta a ƙofa ya juya. Ba ta da mutum. Ta-Goggo ta ɗauki tabarmarta ta koma kusa da ita. Ita ke ɗura mata kunu, ita ke kama fuskarta. Hurera ta ce mini, "Kin ga ɗiyarki? Tana da hannu. In ta cika shekara a nan, ita zan bar wa gida in tahi neman ɗiyana."

Sai bikin Kulu ya taso.

Goggo Dije ta zo Lolo, ta tsaya a waje kamar yadda ta rantse, ta aika a kira mu. Hurera ta biyo mu har ƙofa. Goggo ta dubi Ta-Goggo sama da ƙasa ta ce, "Alhamdu lillahi, ta yi ƙiba, ta warke. Ta shirya mu tahi. Ba a aurar da ƙanwa babu yaya a madafa. Dangin ango sun fara tambaya."

Hurera ta ce, "Goggo, ba ta nuna ba. Shinkafa ce mai madara, in kin yanke ta yanzu ƙaiƙayi za ki sheƙa. Biki aiki ne, ga taro, ga mai miƙa mata. Kuma ki ji da kyau: wadda ta bari ta koma, daga inda ta tsaya take ɗorawa, jiki kuwa ya manta."

Goggo ta ce, "Ba da ke nike magana ba."

"To a bar Gambi ta bi ta."

"Ta shiga gidan biki a ce wace ce? A ce daga ina?"

Hurera ta juyo ta dube ni. "Inna, ke mi kinka ce?"

Ta-Goggo ma ta dube ni. Na san abin da ke raina sarai. Amma ga wadda ta riƙe ta tsaye, ga mutane sun fara taruwa, kuma tun da nake ban taɓa jin uwa ta ja da mariƙiya a kan ɗan fari ba. Na ce, "Abin da Yaya ta ce." Hurera ta juya. Ta shiga ta fito da ƙullin kayan Ta-Goggo ta miƙa mata, ta ce, "Tabarmarki na nan. Ba mai naɗe ta."

Kwana biyun farko lafiya. Ta yi daka, ta yi surfe, ta tsaya kan tukwane, mata na yi mata barka da warkewa daga iskar ruwa, don haka aka gaya musu. Ina bin ta da ido daga nesa. A rana ta uku, ranar kai amarya, gajiya ta kama ta, ta zauna bakin turmi. Daga baya na ji cewa wata daga cikin masu taya aiki ce ta ce, "Haba yayar amarya, yau ce ranar zama? Ungo, ki ji garau." Matar ba ta nufe ta da sharri ba, abin da take yi wa kanta ta yi mata. Ta ba ta ɗaya. Sauran Ta-Goggo ce ta nemo da kanta.

Bayan azahar na ji sautin taɓaryarta ya sauya, ya yi sauri, ya bar na sauran a baya. Na san wannan sautin. Na taso daga rumfa, kafin in ƙetare tsakar gida taɓaryar ta faɗi, ita ma ta bi ta.

Gidan cike yake, dangin ango, dangin Malam, Goggo Dije. Na durƙusa na kama fuskarta da hannu biyu. Zuciyarta na bugawa har ina gani a wuyanta, idonta ya tafi.

Na ce, "Rakiya."

Na sake cewa, "Rakiya! Rakiya!" da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har masu kiɗa a waje suka tsaya.

Idonta ya dawo. Ta dube ni sosai, ni ma na dube ta, ban kau da kai ba. Ta ce, "Na'am, Inna."

Kafin a nemo jirgin da zai ƙetare da ita, Allah ya karɓi abinsa.

Ku da za a karanta wa wannan, ga abin da na saya da tsada. In mace ta daina ci ta daina barci amma ƙarfinta na ƙaruwa, ba albarka ba ce, ku bincika. In ta faɗi don an rasa wani magani, ta miƙe don an samo shi, maganin ku tuhuma. In ta yi ƙiba ta yi dariya, kada ku ce ta warke, ku tambayi waɗanda suka bi hanyar, su suka san tsawonta. Ban hana kowa kunya ba, da ita aka haife mu. Amma kada ta kai ku inda ta kai ni.

Ran sadakar uku Hurera da Gambi suka zo gaisuwa. Da suka shigo, mata suka riƙa jan tabarmi gefe. Goggo Dije, wadda tun ranar ba ta iya haɗiye ko ruwa ba, ta ɗaga kai ta gan su. Na zaci za ta kore su. Sai ta matsa ta bar musu gefen tabarmarta.

Hurera ta zauna kusa da ni. Na jira ta ce ai na faɗa muku. Ba ta ce ba.  Ta sunkuyo ta ce, "Inna, tun da na bari ban taɓa son ƙwayar nan kamar yau ba. Mun biyo ta bakin jirage. Riƙe mini hannu." Na riƙe hannun nan mai ƙuna, ta riƙe nawa. An ce uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Muka yi kukanmu tare, ba wanda ya hana.

Da za su tafi Gambi ta ce yarinyar ƙetare ta daina shan kunu. Kullum tana zaune kusa da tabarmar Ta-Goggo tana tambaya yaushe za a gama biki.

Da safe na dama kunu a ƙwarya na rufe da faifai. Na goya Ladi. Na tarar da Malam a zaure na ce za ni Lolo. Ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Ki gai da su. Ki ce ni na aike ki."

Hantsi bai yi ba na isa. Suna gindin tsamiya, yarinyar kuwa tana ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa, tabarmar na shimfiɗe a gefenta yadda aka bar ta. Na sauke Ladi, na zauna a kai. Na ce da Gambi, "Wa ma sunanta?" Ta ce Zalika. Na ajiye ƙwaryar, na kama fuskarta da hannu biyu, na fara kira.